Allon Engels: Wane Ne Uban Freddy, Kuma Mi Ya Shafe Mu?



Musu ne ya haifi wannan rubutu. Wata Alhamis cikin babban hutu muna zaune fada bakin hanyar tabki, shayi na kan wuta, sai ɗaya daga cikinmu ya miƙo waya ya ce mu saurari wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai maganar cewa yake Karl Marx, wanda mushen filo ke wahal da mu da shi a tarminal, ya yi wa ƴar aikin gidansa ciki, ya ƙi ɗan, ya laƙa wa abokinsa. Ya rufe da cewa duk mai karanta mutum irin wanga ɓata lokacinsa yake.

Kafin a zuba na biyu fada ta rabu. Wasu suka ce, "Ai daman! Mi kake jira daga mutumin da bai san Allah ba?" Kamarad ɗinmu masu zafin ƙungiya suka ce, "Ƙaryar ƴan jari-hujja ce, don su kashe mana gwiwa." Na tambaya ko akwai wanda ya san inda labarin ya samo tushe. Tsit, har da ni mai tambayar. Kowa dai ya ɗauki ɓangaren da zuciyarsa ke so tun kafin a gama saƙon. Shi ya sa na ɗauki ƴan makwanni ina bin sawun maganar, na tarar ashe manyan masana sun fi shekara 60 suna wannan musun namu na fada, da littattafai da digirori. Ga abin da na samo, ga kuma inda nake ganin kowane ɓangare ya yi tuntuɓe.

Abin da ba a gardama a kansa

Helene Demuth ƴar talakawa ce daga Jamus, an haife ta a 1820. Tun tana yarinya take aiki gidan iyayen Jenny von Westphalen, matar Marx. A 1845 uwar Jenny ta aika ta wurin ɗiyarta don ta taya ta riƙon gida. Daga nan ba ta sake rabuwa da iyalin ba: ta bi su gudun hijira har Landan, tana girki da wanki da reno, tana kai kayan gida jingina in kuɗi sun ƙare. Da Marx ya mutu a 1883 sai ta koma riƙon gidan abokinsa Friedrich Engels har rasuwarta a 1890. Kabari ɗaya aka sa ta da Marx da matarsa a maƙabartar Highgate.

A 1851 iyalin na cunkushe cikin ɗaki biyu a gida mai lamba 28, titin Dean, unguwar Soho. Cikin watan Maris Jenny ta haifi ɗiya mace, Franziska. Ranar 23 ga Yuni, wata uku bai cika ba, Helene ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Henry Frederick, wanda ake kira Freddy. A takardar haihuwarsa an bar wurin sunan uba fanko. Ba a rene shi gidan ba, wani iyali na ma'aikata masu suna Lewis aka ba riƙonsa. Ya tashi ya zama ma'aikacin injina, ɗan ƙungiyar ƙwadago, ya mutu a Janairun 1929 yana da shekara 77.

Iyakar abin da kowa ya yarda da shi ke nan. Helene ta tafi kabari ba ta bar rubutu ko layi ɗaya da ya ambaci uban ɗanta ba. Marx bai bari ba. Jenny ta ambata cikin ɗan tarihin rayuwarta cewa wani abu ya faru a farkon bazarar 1851 da ya ƙara musu baƙin ciki, amma ta ƙi faɗin ko mi ne ne.

Wasiƙa ɗaya

A 1962 wani masani Bajamushe, Werner Blumenberg, ya buga tarihin Marx, a ciki ya fito da wata wasiƙa da ke ajiye a cibiyar tarihin zamantakewa ta Amsterdam. Wasiƙar na ɗauke da sunan Louise Freyberger, tsohuwar matar Karl Kautsky, wadda ta karɓi riƙon gidan Engels bayan Helene. Ta rubuta wa August Bebel, jagoran ƴan gurguzun Jamus, a watan Satumba na 1898. Ta ce Engels da bakinsa ya gaya mata Freddy ɗan Marx ne, shi kuwa ya bari ana zaton nasa ne don kada auren abokinsa ya mutu. Ta ce lokacin da Engels ke jinyar ajali a 1895, ciwon dajin maƙogwaro ya hana shi magana, Eleanor, autar Marx, ta ƙi yarda da labarin, sai ya ɗauki allo ya rubuta mata. Ta fita tana kuka.

Ka ji labari mai daɗin faɗi: dattijo kan gadon mutuwa, ga allo, ga asiri na shekara 44. Daɗinsa ya sa ya bazu. Yvonne Kapp, wadda ta rubuta tarihin Eleanor cikin juzu'i biyu (1972 da 1976), ta nuna wasiƙar na da ƙarin gishiri, amma ta karɓi ƙashin bayan labarin. Francis Wheen ma ya karɓa a littafinsa na 1999. Daga littafi zuwa littafi har ya iso wayar abokinmu a Madarumfa, kowa ya ɗauka sai ya zubar da "an ce" guda ɗaya a hanya.

Mai cewa a dakata

Terrell Carver, malami a jami'ar Bristol ta Ingila, shi ne ya fi kowa tsayawa kan cewa a dakata. A littafinsa kan Engels na 1989, da wata maƙala daga baya, ya jero tambayoyi. Abin da ke Amsterdam kwafi ne da aka buga da keken rubutu, ba a ga asalin da Louise ta rubuta da hannunta ba. Wa ya buga kwafin, yaushe, don mi? Allon an goge shi. Engels ya mutu, Eleanor ta kashe kanta a Maris na 1898, wata biyar da ɗoriya kafin a rubuta wasiƙar, don haka babu mai ƙaryata ta. Ita Louise ta rayu har 1950 ba ta fito fili ta maimaita maganar ba. Masu suka sun kuma lura wasiƙar ta ce Marx da matarsa sun daɗe da raba shimfiɗa, alhali an haifi Eleanor a 1855. Carver har ya yi zaton ko ƴan Nazi ne suka ƙirƙiro takardar don su ɓata gurguzu. Ya ce a duniyar masana ma jabun kuɗi na korar na ƙwarai daga kasuwa: labarin abin kunya ya fi bincike mai sanyi gudu.

Mu da muka zauna gaban malaman zaure ba baƙon abu Carver ke yi ba. Isnadi yake tambaya. Wa ya ji daga wa? Mai ruwayar ya ga abin ko labari aka ba shi? Yana da wata buƙata cikin maganar? Louise kuwa tana da ita, don tsakaninta da Eleanor akwai tsama kan wa zai riƙe takardun Marx da Engels, kuma wanke Engels daga zargin watsar da ɗansa abu ne da take so. A nan na ba Carver gaskiya ɗari bisa ɗari. Marubutan da suka kwashe labarin allo suka zuba kamar suna cikin ɗakin sun yi sakaci, kuma sakacin masani ya fi na ɗan fada muni, don shi ake kafa hujja da shi.

Takardun Mosko

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aka buɗe rumbunan ajiyar takardu na Mosko. A 1994 wasu masana biyu, Heinrich Gemkow da Rolf Hecker, suka buga abin da aka samu. Akwai wasiƙun da suka nuna tun 1898 Bebel da Eduard Bernstein na tattauna maganar a tsakaninsu. Akwai wasiƙar Freddy da kansa ta 1912 zuwa ga Jean Longuet, jikan Marx, inda ya ce ya kai ga yarda Marx ne ubansa. Akwai ta Clara Zetkin ta 1929 zuwa ga David Riazanov, shugaban cibiyar Marx da Engels ta Mosko, inda ta ce daga Eleanor ta ji. Akwai kuma umurnin Stalin na 1934, da aka kai masa takardun, cewa a binne su can ƙasan rumbu.

Wannan ya kashe zaton ƴan Nazi, don a 1898 babu wani abu wai shi Nazi. Carver ya amsa da cewa har yanzu ji-ta-ji-ta ce, kuma mafi yawan hanyoyin in ka bi su gida ɗaya suke komawa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: mutum goma da suka ji daga bakin mutum ɗaya, shaida ɗaya ne. Amma a ganina ya wuce gona da iri. Ya sa ma'aunin da babu wani sirrin cikin gida da zai iya hayewa. Wane uba ne zai zauna ya rubuta takarda ya sa hannu cewa shi ya yi wa ƴar aiki ciki? Abin da aka taru aka ɓoye da gangan, ba za ka ce sai ka ga hatimi ba. Irin wannan ma'auni kullum mai gida yake karewa.

Dubi abin da ya faru a Amurka. Tun 1802 aka buga a jarida cewa Thomas Jefferson na da ƴaƴa da baiwarsa Sally Hemings. A 1873 ɗanta Madison ya faɗa da bakinsa cewa Jefferson ne ubansa. Manyan masana tarihi suka yi shekara sama da ɗari suna cewa maganar bawa ba hujja ba ce, suna karɓar ta jikokin mai gida. Sai a 1997 Annette Gordon-Reed ta nuna yadda aka yi awo da mudu biyu, a 1998 kuma gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna zuriyar ɗan autan Sally na da jinin gidan Jefferson. Yau mafi yawan masana sun yarda. Darasin shi ne shakka ma tana iya zama son kai, in kullum a kan maganar talaka take sauka.

Awona

To ina na tsaya? Rinjayen alamu na nuna Marx. Ciki ya bayyana a gida mai ɗaki biyu, an fitar da jariri, matar gida ta rubuta baƙin cikin da ta kasa ambata, Engels mai yawan kyauta bai sa Freddy cikin wasiyyarsa ba, ƴaƴan Marx kuwa suka riƙa taimakonsa, Eleanor ta maishe shi aminin da take kai wa kukanta a watanninta na ƙarshe. Amma rinjaye daban, yaƙini daban. Masani mai amana zai ce "da alama", ya nuna maka dalilansa, ya bar ka ka auna. Mai saƙon murya ya share "da alama". Stalin kuma ya share takardun gaba ɗaya. Su biyun laifi ɗaya suka yi mana: sun yanke hukunci a madadinmu.

Ga kamarad ɗinmu da suka ce ƙarya ce tun ba su duba ba, ina tuna musu tarihin gidanmu. Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, aka haramta ta a 1959, aka yi shekaru labarinta ba ya fita sai ta bakin waɗanda suka murƙushe ta. Ɗalibai uku da suka faɗi a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 sun fita ne suna neman a saurare su. Wanda ya gaji wannan gwagwarmaya bai kamata ya goyi bayan binne takarda ba, ko da takardar gwaninsa ta taɓa. Mu kuma jikokin Katsinawan da suka biyo Ɗan Kasawa zuwa Maraɗi mun san labarin yaƙi ɗaya yana da fuska biyu, gwargwadon ko a Sakkwato ka ji shi ko a Tibiri. Bai kamata a koya mana tambayar "wa ya faɗa?" ba.

Ga masu cewa "ai daman", su ma ina da magana. Addinin da suke tinƙaho da shi ya tsananta kan ƙazafi: shaidu huɗu, in babu, bulala tamanin ga mai zargin. An yi haka ne don harshe ya ji tsoron mutuncin mutane. Kotun tarihi ba ta bulala, shi ya sa take aiki da alamu, amma ladabin bai canza ba. Wanda ya tura saƙon ga mutum ɗari ba tare da ya bincika ba, ya tambayi kansa da wane mudu yake so a auna shi ranar da aka yi masa nasa.

Tunaninsa fa?

Saura babbar tambaya: in gaskiya ne, littattafansa sun faɗi? A'a. Marx ya ce mai jari na biyan lebura ƙasa da ƙimar abin da guminsa ya samar, rarar ita ce riba. Wannan magana ko daidai ce ko kuskure, a gona da masana'anta da kasuwa ake gwada ta. Je ka tambayi mai kwasar kaya a tashar Ɗan Isa, ko manomin da ya ci bashin hatsi da bazara ya biya ninki da kaka. Halin Marx cikin ɗakinsa ba ya ƙara wa lissafin ko dala, ba ya ragewa. In ɓarawo ya ce biyu da biyu huɗu ne, ba ta koma biyar.

Amma kada mu yi saurin rufe kaye. Akwai wuri ɗaya da rayuwar gidan ta taɓa tunanin. A juzu'in farko na littafinsa kan jari, na 1867, Marx ya kawo ƙidayar Ingila ta 1861, ya nuna barorin gida sun haura miliyan 1 da dubu 200, sun kai yawan ma'aikatan masaƙu da na haƙar ma'adinai in an haɗa su, har ya kwatanta su da bayi. Ashe ya gan su. Duk da haka cikin ginin nazarinsa aikinsu na gefe ne, tunda ba ya haifar wa mai jari riba kai tsaye. Wankin da girkin da renon da ke sa lebura ya tashi da safe ya iya ɗaukar kaya, bai ba su babi ba. Sai a 1972 mata irin su Silvia Federici da Selma James da Mariarosa Dalla Costa suka kafa yunƙurin neman a biya aikin gida lada, suka ce ƙofar masana'anta daga madafa take farawa. Da kayan aikin Marx suka gyara Marx. Ni a wurina wannan ita ce sukar da ta fi cizo, kuma ba ta buƙatar allon Engels. Ko wane ne uban Freddy, abu ɗaya tabbas ne: an fitar da ɗan ƴar aiki daga gida, aka bar ƴaƴan matar gida, ita kuma ta ci gaba da renon na wasu har tsufanta.

Nan ne nake ganin ɓangarorin biyu na masana suka yi kuskure iri ɗaya. Shafi ɗaruruwa kan mutuncin Marx da sadaukarwar Engels da hawayen Eleanor. Helene kuwa sai ta zama kamar fili da ake rigima a kansa. Mi ta so? An nemi yardarta? Yarinyar da ke cin abinci a hannunka, a ƙasar da ba tata ba, tana da bakin cewa a'a? Takardu ba su ajiye muryarta ba, kuma wannan shirun ma shaida ne kan wa ake adana wa takarda. Abin da ta iya yi ta yi: da ta mutu, duk abin da ta tara, fam 95, Freddy ta bar wa.

Gidajenmu

Ƴan uwa, Landan na da nisa, amma ku duba kusa. Kowa a nan ya san yarinyar ƙauye da aka kai aikatau Maraɗi ko aka ƙetara da ita Katsina, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, ƴaƴan gida na lakwal ita tana bakin murhu. Kowa ya taɓa jin wadda aka maido gida da ciki cikin dare, aka ce ta lalace, ba a taɓa jin sunan wanda ya lalata ta ba. Ɗan ya tashi ana jifansa da kalmar da ba shi ya jawo ta ba. Ranar da muka yi musun nan, a cikinmu akwai waɗanda ƴar aiki ce ta wanke rigar da suka sa suka zo fada. Ni ma ina ciki. Mun yi awa biyu kan Marx, ba wanda ya ambaci sunan Helene, don mai saƙon muryar ma bai san shi ba. Laifi tudu ne.

Don haka ga abin da nake roƙo. In labari irin wanga ya iso wayarka, ko kan Marx ne ko kan wani malami ko ɗan siyasar da kake so ko kake ƙi, tambayi tushensa kafin ka tura. In hujja ta taɓa gwaninka, karanta ta har ƙarshe. In kuma ka gama, nemi wanda aka bari bakin ƙofa cikin labarin. Wasiƙar Louise ta ce in Freddy ya zo ganin uwarsa gidan Engels, ta ƙofar madafa yake shiga. Ko a wannan ma sai mu ce "in ji Louise". Amma irin wannan ƙofar muna da ita a gidajenmu, kuma mun san masu bi ta cikinta.

Mai ganin na karkata, shafin fitowa ta gaba a buɗe yake. Sharaɗi ɗaya ne: ya zo da isnadinsa.